Abin Da Aka Goge A Wayar Malam

"Duka kika goge?"

"Kai ka ce in goge."

"Ban ce duka ba, Asama'u."

"To rabi ka ce? Akwai inda aka rubuta rabi a wurin?"

Muntasir ya jingina ƙeyarsa da bangon zauren. Bai kalle ta ba. Ita ma ba shi take kallo ba, bakin hijabinta take murzawa tun da ta zauna.

Zauren mahaifinta ne, Malam Zailani na Kusfa. A nan yake ba da karatu kowace safiya. Yau tun bayan Azahar ya tafi ta'aziyya Tudun Jukun, shi ya sa muryoyinsu suka ɗan tashi.

"Na ce ki zaɓi awa ɗaya ta ƙarshe."

"Kwana uku ina bincike a wayar nan. Awa ɗaya ce za ta share min kwana uku?"

"Akwai na mako guda a ƙasansa."

"Ban gani ba! Ina jin tarin Baba a tsakar gida, kai kuma kana ta zuba min bayani a kunne kamar mai karanta labarai. Na ga wanda ya ce tun daga farko, na danna. Akwatuna ukun nan duk na sa musu alama."

"Biyu na ce."

"Muntasir!"



Wayar Malam ce. Ita Asama'u ƙarama gare ta, mai maɓallai, ta kira kawai. Malam ba ya barin 'ya'yansa mata su riƙe babba sai a ɗakin miji. Amma soket ɗin ɗakinta ne kaɗai mai aiki a gidan, don haka duk sanda aka kawo wuta, a gefen katifarta wayar Malam take caji.

Da ita ta yi binciken. Jiya tsoro ya kama ta, ta kira Muntasir, ya koya mata yadda ake goge tarihin bincike. Ta goge nata na kwana uku. Ta haɗa da na Malam na shekara biyu.

Shi kuwa Malam bai taɓa koyon ajiye shafi ba. Littattafansa na fiƙihu da na rabon gado, tsofaffin bugu da ba a samu a kasuwa, ɗalibansa ne suka lalubo masa su ɗaya bayan ɗaya a intanet. Bai san sunan wuraren ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya sani, kullum da safe zai buɗe jerin wuraren da wayar ta taɓa shiga, ya yi ta ja da babban yatsa har ya ga littafin da yake nema. Sawuna, haka yake kiran jerin. Wasu shafukan ma ko babu data buɗewa suke yi, don wayar ta saba da su ta adana su a cikinta.

Yau da safe, gaban ɗalibai goma sha ɗaya har da wani tsohon alƙali, ya buɗe ya tarar da fari fat.

"Bai yi faɗa ba," in ji Asama'u. "Da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi karatu ya tashi sai gobe. Ya shige ciki, ko kokon da Umma ta dama masa bai sha ba. Rabon da a fasa karatu a zauren nan tun ranar da Yaya Tayyiba ta rasu."



Tayyiba yayarta ce. Sikila ta tafi da ita tana da shekara goma sha tara. Tun daga ranar Malam ya rantse ba zai ƙara ɗaura auren da bai ga takardar gwajin jininsa ba, ko na 'yar wane ne. Kowa a Kusfa ya san haka. Da ya ba Muntasir izinin turo magabatansa bayan Sallah, sharaɗin da ya gindaya ke nan, guda ɗaya tak.

Asama'u AS ce, duk gidan an sani. Muntasir ya je ya yi nasa gwajin mako biyu da suka wuce. Shi ma AS. Wannan kuwa daga su biyu sai Allah.

"To me kika gano a binciken?" ya tambaya can ƙasan maƙoshi.

"Abin da muka sani. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu."

"Uku cikin huɗu lafiya ke nan."

"Haka Baba ma ya samu. Mu huɗu aka haifa, uku lafiya." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka je maƙabarta ka gaya wa ta huɗun lissafi ya fita daidai."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ni nake kwana da ita, Muntasir. Ni nake dafa ruwa ina gasa mata ƙafa. In ciwon ya tashi filo take cusawa a baki don kada Umma ta ji. Kai a takarda ka san sikila. Ni na san ƙamshin man da ake shafa mata."

"To in haka ne me ya sa kika goge? Ki bar shi ya gani mana. A huta."

Ta ɗago ta kalle shi, karo na farko.

"A huta?"

"Na gaji, Ma'u."

"Ni ban gaji ba? Na goge ne don ban shirya rasa ka ba tukuna. Shi ke nan. Ba dabara gare ni ba, ba mafita na samo ba. Ƙarin kwana nake nema. Ko mako ɗaya ne, in ji an ce ana sallama da ni a zaure, in san kai ne."

Ya rufe ido.

Aka yi sallama. Turare ya riga mai shi shigowa.

Haisam ne, ɗan ƙanwar Malam, ma'aikaci a Kaduna. Motarsa ba ta shiga lungun, a bakin titi yake barin ta, amma makullin kullum yana rataye a yatsansa. Shekara biyu yana neman Asama'u. Umma na son sa. AA ne, takardar har leda ya sa aka manne mata, ba ya rabuwa da ita a aljihu.

"A'a, Injiniya! Ana nan ana gyaran duniya?"

"Ana nan."

"Ƙanwata, ya na ga ido ya yi ja? Albasa kuke yankawa a zaure?"

"Mura ce, Yaya Haisam."

"Allah ya sawwaƙe. Mura ta yi yawa a gidan nan yau. Umma ta kira ni, ta ce Kawu ko abinci ya ƙi ci." Ya juya makullin a yatsa. "Na ce mata ta kwantar da hankali. Akwai wani a ofishinmu, ko wayar da ta kwana a rijiya ka kai masa sai ya fito maka da abin da ke ciki. Jibi zan tafi da ita Kaduna. Komai zai dawo. Komai da komai."

Asama'u ta daina murza hijabin.

"Ni abin da ya ɗaure min kai," Haisam ya ci gaba, "waya ba ta goge kanta. Kawu kuwa ko lambar wanda ya mutu bai iya cirewa ba. To wa ya taɓa?"

Ya kalli Asama'u. Ya kalli Muntasir.

"Ba sai an kai Kaduna ba," in ji Muntasir. "Ni na buɗe masa asusun wayar. Zan dawo da su."

"Ka tabbata? Ba buga katin ɗaurin aure ba ne fa."

"Gobe."

"To madalla. In ta gagara, jibi tana mota."

Ya ɗaga labule ya shige cikin gida kansa tsaye, yana kiran Umma tun daga soro na biyu. Wata biyar Muntasir yana zuwa gidan nan, bai taɓa wuce zauren ba.

Asama'u ta matso kaɗan, murya ƙasa-ƙasa.

"Da gaske za su dawo?"

"Za su dawo."

"Har nawa?"

"Har naki."

"Ba na goge ba?"

"Na cikin wayar kika goge. Asusun yana ajiye nasa daban. Duk wanda ya shiga da kalmar sirri zai gani."

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. To sharar me na yi ke nan?"

"Kin share ɗaki, kin tara a bayan ƙofa."

"Ka kwashe min, Muntasir. Don Allah. Kada Yaya Haisam ya riga Baba ji. In har za a ji, ba daga bakinsa ba."

Ya miƙe ya zura takalmansa.

"Na ji."

* * *

Shagon da Muntasir yake aiki yana Ƙofar Kibo, ɗaki ɗaya ne mai kallon titi. Kwamfuta uku, firinta biyu, ɗaya ta mutu tun bara. Na Bahago ne, wani mai ƙiba da ba ya rabo da tsinken sakace. Shekara huɗu Muntasir yana zaune a ciki tun da ya gama sakandare, yana buga wa mutane takardun neman aiki.

Da hantsi ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa. Malam Zailani ya sauko a hankali, yana tattare babbar riga.

Bahago ya zabura, tsinken ya faɗi.

"Allah ya gafarta Malam! Ai da aike kuka yi, da mun zo."

"Zuwa da kai ya fi aike, Bahago. Ya kasuwa?"

"Sai godiya, Malam."

Muntasir ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya ciro wayar daga aljihu, a naɗe cikin farin hankici, ya miƙa masa.

"An ce ka ce za ka iya."

"In sha Allahu, Malam."

"Abin da ke ciki nake so ya dawo. Yadda yake."

"To, Malam."

Malam bai saki wayar nan take ba. Ya dube shi ta saman tabarau, ya ɗan jima.

"Yadda yake," ya sake cewa. "Ka kawo min gida bayan La'asar."

Da ɗan acaɓan ya ja, Bahago ya ɗauki sabon tsinke.

"Kai, suruki ya kawo jarrabawa har shago. Ka ci wannan, wallahi ko akwati ɗaya ka kai lefe ba mai cewa uffan."

Muntasir ya warware wayar daga hankicin.

"Dubi fuskarsa don Allah. Mutum zai yi aure kamar wanda za a yi wa kaciya."

Muntasir ya zauna gaban kwamfutar kusurwa, wadda fuskarta ke kallon bango. Ya shiga asusun. Kalmar sirrin shi ya zaɓa wa Malam da kansa shekara biyu da suka wuce, tun kafin ya san akwai wata Asama'u a gidan.

Jerin ya fito. Bai ɓata ba ko layi ɗaya.

Larabci ne zalla, shafi bayan shafi, kusan duk da sassafe. Mutum zai iya karanta rayuwar Malam a wurin. Ga watan da ya yi yana bitar babin tsarki. Ga makon da ya yi zazzaɓi, babu komai. Ga ranar da ya nemi lokacin faɗuwar rana a Zariya sau huɗu, farkon azumi.

Sai kwana ukun nan.

Ya so ya goge ba tare da ya karanta ba. Ba ya yiwuwa. Layinta da na Malam a cakuɗe suke, wanda bai karanta ba, zai maimaita ɓarnar shekaranjiya. Dole sai ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe. AS da AS za su iya aure. Yara nawa ne ke fitowa da sikila. Ko gwajin jini yana yin kuskure. Wannan ta tambaye shi sau uku, kowanne da kalmomi daban, ko za a canza mata amsa.

Ya goge.

Talata, bayan Azahar. Ko ana warkewa daga sikila. Ina ake dashen ɓargo. Shekara nawa mai sikila yake yi a duniya. Hukuncin ma'auratan da suka yarda ba za su haihu ba.

Ya tsaya a kan wannan. Ba ta taɓa faɗa masa ta kai nan ba. Ita da take ɗaukar 'ya'yan maƙwabta tana yi musu kitso ba a sa ta ba.

Ya goge.

Laraba layi ɗaya ne tak. Sauran duk da Turanci ta haɗa, wannan da Hausa ta rubuta.

Addu'ar cire son mutum daga zuciya.

Ƙarfe huɗu saura minti goma. Ya ciro tasa wayar ya duba kiran da ta yi masa ranar. Huɗu da minti biyar. Minti goma sha biyar tsakani. Ya tuna muryarta, tana cewa Muntasir ka taimake ni, yaya ake gogewa.

Ashe ba Malam kaɗai take ɓoye wa ba.

Ya daɗe yana kallon layin. Wata mata ta shigo za ta yi hoton takardar haihuwa, Bahago ya kira shi sau biyu bai ji ba, ya tashi ya yi mata da kansa yana mita.

Shin ta samu addu'ar? Ta karanta? Jerin ya nuna ta buɗe shafi ɗaya. Bai nuna ko ta kai ƙarshensa ba.

Ya goge.

Goma sha tara ke nan cif.

Sauran aikin na hannu ne. Ya bi littattafan Malam ɗaya bayan ɗaya, arba'in da uku, ya buɗe kowanne a wayar don ta sake adana shi. Ya yi wa kowanne ajiya ta dindindin, ya jera su a fuskar wayar, yadda ko an sake share tarihi ba abin da zai taɓa su. Ya ƙara girman rubutun. Aiki ne mai kyau, shi ma ya san ya yi kyau.

Da ya gama ya jawo durowa. Takardar gwajinsa tana ciki, a ninke huɗu, ƙarƙashin kwalin tawada.

Harafi ɗaya ne tsakanin AS da AA. Sau biyu ana zuwa shagon nan da irin wannan takarda, ana murmushin kunya, ana cewa ɗan gyara kaɗan za a yi. Sau biyun yana cewa ba ya yi. Aikin minti biyar ne, kuma ba mai ganewa.

Ya rufe durowar. Ya sake buɗewa.

"Me kake nema a durowar nan tun ɗazu?" in ji Bahago.

"Ba komai."

"To ba komai ɗin ya ishe ka haka. Rufe min, ƙarar tana hawa min kai."

Ya rufe.

* * *

Bayan La'asar ya tarar da Malam shi kaɗai a zaure, a kan buzu, carbi a hannu. Ya gaishe shi, ya miƙa wayar da hannu biyu, ya koma bakin tabarma ya zauna.

Malam ya sa tabarau. Muntasir ya nuna masa inda littattafan suke yanzu. Ya taɓa na farko, ya buɗe. Ya taɓa na biyu. Fuskarsa ta saki kaɗan.

"Har wannan? Wannan wani ɗalibina ne ya samo min, ya rasu bara. Na ɗauka ya tafi da shi." Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Malam."

"Sawun fa? Nuna min tsohon jerin."

Muntasir ya buɗe masa asusun a wayar. Malam ya sa babban yatsa ya fara ja a hankali, yadda ya saba. Ya wuce Laraba. Ya wuce Talata. Ya wuce Litinin. Ya dawo sama, ya sake bi.

Sannan ya kife wayar a kan buzun.

"Asama'u!"

"Na'am, Baba." Muryar ta zo da sauri, ashe ba ta yi nisa da labulen ba.

"Kawo wa baƙo ruwa."

Ta shigo da kofi a faranti, ta durƙusa ta ajiye kofin. Ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna."

Ta zauna daga gefen ƙofa, kanta a ƙasa.

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin rawani. Bai yi gaggawa ba.

"Muntasir, aikinka ya yi kyau. Littafi arba'in da uku, ba wanda ya ɓata. Amma na ce maka yadda yake."

"Malam..."

"Layi goma sha tara ba su dawo ba."

Farantin da ke hannun Asama'u ya zame ya bugi ƙasa.

"Ranar Talata da safe na buɗe sawuna zan nemi babin wasiyya," in ji Malam, "sai na tarar da sawun da ba nawa ba a samansa. Ranar Laraba na tarar da ƙari. Kun ga rawani kun manta shekara talatin na yi ina magatakarda a kotu. Turanci mai sauƙi irin wannan ba zai gagare ni ba."

"Baba..."

"Ban gama ba. Na ƙarshen, na yammacin Laraba, na gan shi da na karɓi wayar zan duba wata mas'ala kafin in fita sallar La'asar. Na mayar da ita caji, kafin gari ya waye an share. Shi ba zan faɗe shi ba. Tsakaninki ne da Ubangijinki."

Ta ɗago ido a firgice, ba wajen mahaifinta ba, wajen Muntasir. Ya sunkuyar da kai. Nan ta gane shi ma ya karanta. Ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa.

"Kwana biyu ina miƙa miki wayar nan da hannuna ina cewa a sa a caji. Na ce 'yata ce, in ta gama tambayar waya za ta zo ta tambaye ni. Ni da na yi wa Tayyiba sallah, wace waya ce ta fi ni sani? Ba ki zo ba. Sai na wayi gari an share ni gaba ɗaya, ni da littattafaina."

"Wallahi Baba ban yi nufin littattafan ba. Kuskure ne."

"Na sani. Na ji zafinsu, ba zan ɓoye ba. Amma ba su ne suka hana ni cin abinci ba."

Ya juyo wajen Muntasir.

"Kai kuma na hau acaɓa da tsufana na kai maka har shago. Na ce ita mace ce, yarinya ce, tsoro ya kama ta. Shi namiji ne. Zai buɗe ya gani, zai zo ya zauna a nan ya ce Malam ga abin da ake ciki. Har sau biyu na ce maka yadda yake."

Ga ruwa a gaban Muntasir, bai iya ɗauka ba.

"Allah ya gafarta Malam, bincikenta ne. Sirrinta ne. Ba nawa ba ne da zan baje shi."

Malam ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Wannan gaskiya ne. Ni ma da na karanta sai da na nemi gafarar Allah, don ba a ba ni izini ba. Ka rufa mata asiri, ban ga laifinka a nan ba." Ya ajiye carbin. "To jininka fa? Shi ma sirrinta ne?"

Malam bai jira amsa ba.

"Mako nawa da yin gwajin?"

"Biyu."

"Mako biyu kana shigowa zauren nan kana gaishe ni. Ranar Juma'a ma sahu ɗaya muka yi."

"Baba, ni na hana shi," Asama'u ta ce cikin kuka. "Ni na ce ya jira. Ina son sa, Baba. Ban san yadda zan yi ba. Na roƙi Allah ya cire min, bai cire ba. Ka yafe min, amma ban san yadda zan yi ba."

"Na san kina son sa. Ni ma ina son uwarki. Mu a lokacinmu ba gwaji, ba wanda ya gaya mana komai. Wannan ne kaɗai abin da nake riƙewa in na tuna Tayyiba, cewa ban sani ba." Muryarsa ta karye, ya tsaya har ta dawo. "Ku kun sani. Ku me za ku riƙe?"

Daga cikin gida aka jiyo dariyar Haisam, yana yi wa Umma wani labari. Ba wanda ya waiga.

"Ba don Haisam nake wannan magana ba, kada ku ɗauka haka. Da shi nake so da tun bara an gama. Kai na zaɓa, Muntasir. Mutane sun zo sun ce min ba ka da digiri, ba ka da komai sai kujera a shagon wani. Na ce yaron yana da amana."

Muntasir ya ji kalmar har cikin ƙashinsa.

"Yau na ga hannunka. Wanda ya cire layi goma sha tara bai bar tabo ba, harafi ɗaya a takarda ba zai gagare shi ba."

"Ban taɓa ta ba, Malam. Wallahi ban taɓa ba."

"Ban ce ka taɓa ba. Sallah da saura." Ya mayar da tabarau cikin gidansu, ya rufe. "Da ka gyara ta ka kawo min, da ban duba sau biyu ba. Da na karɓa, na tara mutane a ƙofar gidan nan, na ɗaura da bakina."

Ya dubi 'yarsa. Ya dubi Muntasir. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai, irin ta wanda ya taɓa bin wannan hanya har ƙarshenta.

"To ku gaya min, ku biyun. Yaushe kuka yi niyyar in sani? Ranar suna, ko ranar da za ku aiko in zo in yi wa jikana sallah?"